Haruffan da Ba a Furtawa: Dalilin da Ya Sa Rubutun Turanci Ya Saɓa da Furucinsa

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Iyaye da ke kusa da akwatin rediyo, malamai da suka taso daga aji, ɗalibai masu shirin jarrabawa, ku matso kusa, maganar yau ta shafe mu gaba ɗaya.

Zan fara da abin da na gani da idona. A shekarun baya ina koyar da aji huɗu a wata makarantar firamare. Ranar Laraba ce ranar shifta. Na kira kalmomin Turanci guda goma, yara suka duƙufa kan littattafansu, ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Akwai wata yarinya da ke zama a bencin gaba kusa da taga, mai kyan rubutu, wadda ba ta taɓa faɗuwa a shiftar Hausa ba. Da littafinta ya zo hannuna, sai na ga uku ta ci cikin goma. Kalmar da ke nufin wuƙa, wadda ake furtawa "naif", ta rubuta ta n-a-i-f. Ta dare kuma, "nait", ta rubuta n-a-i-t. Na ɗauki jan biro na gyara mata, na rubuta k-n-i-f-e. Ta tsura wa takardar ido, ta ɗago kai, idonta ya cicciko, ta ce da ni a hankali, "Malam, ai ba ka faɗi k ɗin ba."

Gaskiyarta. Ban faɗa ba, Baturen Ingila ma ba ya faɗa. A ranar, amsar da na iya ba ta ita ce "haka ake rubutawa". Tambayar ta zauna mini a rai, har ta tura ni karatu. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowane harafin da Bature ke rubutawa ya tsallake shi a baki yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin mutanen da suka yi harshen. Wannan tarihin za mu bi yau.

Harshen Turanci yana da sautuka wajen 44, amma haruffansa 26 ne kacal. Tun daga nan an san za a yi cunkoso, harafi ɗaya ya ɗauki aikin biyu ko uku. Sai dai cunkoson ba shi kaɗai ya jawo rikicin ba.

A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wasu ƙabilu suka ƙetaro teku daga yankunan da yau suke arewacin Jamus da Denmak, suka sauka a tsibirin Birtaniya. Ana kiran su Angles da Saxons da Jutes. Daga sunan ta farkon aka samo sunan Ingila da na Ingilishi. Waɗannan mutane, abin da suka furta shi suke rubutawa, kusan kamar yadda Bahaushe ke yi. Gwiwa, wadda yau ake rubuta ta k-n-e-e, da sautin k suke fara ta. Haka "know", haka "knight", haka wuƙar nan da ta sa ɗalibata ƙwalla. Sai a wajen ƙarni na 17 bakin mutanen Ingila ya daina furta k ɗin, rubutu kuwa ya riƙe shi. Har gobe Bajamushe, wanda harshensa ɗan'uwan Turanci ne, idan zai ce gwiwa sai ya ce "kni", da k ɗinsa cif.

To, g-h ɗin da ke cikin "night" da "light" da "daughter" fa? Shi ma a da sauti ne mai rai, ana fito da shi daga can cikin baki, dangin harafin "kha" da duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. A hankali sautin ya ɓace daga Turancin Landan. A wasu kalmomin ya yi shiru ɗungurungum, kamar a "night". A wasu ya rikiɗa ya zama f, kamar a "laugh" da "enough" da "cough". Shi ya sa haruffa huɗun nan, o-u-g-h, suke wahalar da ɗalibi: a "though" furucinsu daban, a "through" daban, a "tough" daban, a "thought" daban. Asalinsu kusa yake da juna, zamani ne ya raba su.

Daga ƙarshen ƙarni na 8, mayaƙan teku daga Denmak da Norwe, waɗanda ake kira Vikings, suka fara kai hari, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, aka yi auratayya. Su suka kawo kalmomi irin su "sky" da "skin" da "egg" da "take". Hatta "they" da "them" da "their", waɗanda ba a yin doguwar magana sai da su, daga bakinsu aka aro.

Babbar girgiza kuwa ta zo a shekarar 1066, lokacin da William, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a filin Hastings. Daga nan, kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na masu mulki, Latin na coci da manyan takardu, Turanci kuma ya zama na talaka a gona da kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a a kotu da Turanci. Sawun wannan zamani yana nan har a cikin tukunya. Saniya tana kiwo sunanta "cow", kalmar manomi ɗan ƙasa, idan namanta ya hau tebur sai ya koma "beef", daga Faransanci. Tunkiya "sheep", namanta "mutton". Maraƙi "calf", namansa "veal". Kalmomin mulki da shari'a kuwa, irin su "court" da "judge" da "justice" da "parliament" da "government", duk ta wannan ƙofa suka shigo. 'Yan'uwanmu masu sauraro a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku da kuka yi karatu da Faransanci, idan kun ɗauki jaridar Turanci kuka ga kalmomi da yawa kamar kun san su, to, daga gidan da kuka sani suka fito.

Marubutan wancan zamani, waɗanda hannunsu ya saba da Faransanci, sun taɓa rubutun ma. Sarauniya a da ana rubuta ta c-w-e-n, suka mayar da farkonta q-u, ta zama "queen". Su ne kuma suka yaɗa amfani da harafin c a wurin sautin s, kamar a "city" da "mice".

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Idan yanzu kuka murɗo akwatinku, muna bin sawun haruffan da Bature ke rubutawa ba ya furtawa. Yanzu mun iso tsakiyar labarin, inda abubuwa biyu suka yi karo.

Na farko, tsakanin wajen shekarar 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan Turanci suka sauya wuri a bakin mutanen Ingila, ɗaya bayan ɗaya, kamar mutanen da ke zaune a benci guda, wannan ya gusa, na kusa da shi ma ya gusa. Wani masanin harshe ɗan Denmak, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa abin suna, ma'anarsa babban ƙauran wasula. Ku saurari yadda ya kasance. Kalmar lokaci, t-i-m-e, a da ana furta ta kusa da "tiime", yau ta koma "taim". Gida, h-o-u-s-e, a da "huus" ne, yau "haus". Wata, m-o-o-n, a da da dogon o ake faɗinsa, shi ya sa aka jera o biyu, yau ya koma "muun". Suna kuwa, n-a-m-e, a zamanin mawallafin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, gaɓa biyu ce, kusa da "naame".

Malamai, ku riƙe wannan da kyau. Yaron da ya ga n-a-m-e a allo ya karanta "na-me", ya karanta kusan yadda mutanen Landan ke faɗi shekara 600 da suka wuce. Ya bi ƙa'idar da aka gina haruffan a kanta tun asali. Wannan ƙauran wasula shi ne ma dalilin da ya sa idan ana biya baƙaƙen Turanci ake kiran harafin a da sunan "e", harafin e da sunan "i", harafin i kuma da sunan "ai". Ɗan aji ɗaya da ya fito daga darasin Hausa ya shiga na Turanci dole kansa ya ɗaure, har sai an warware masa.

Abu na biyu shi ne injin ɗab'i. A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a unguwar Westminster. Kafin zuwansa da hannu ake kwafar littafi, kowane marubuci yana rubuta kalma yadda ake faɗinta a garinsu. Shi kansa Caxton ya ba da labari a 1490 na wasu fatake da rashin iska ya tsayar da jirgin ruwansu, suka sauka gaɓa neman abinci. Ɗaya daga cikinsu ya shiga wani gida ya tambayi ƙwai da kalmar mutanen arewa, wadda ta zama "eggs" ta yau. Matar gidan ta ce ita ba ta jin Faransanci. Bafataken ya fusata, don shi ma ba ya jin Faransancin. Sai da wani ya sa baki ya faɗi kalmar mutanen kudu, "eyren", sannan ta gane ƙwai ake nema. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, amma ga yadda ta kaya. Mai buga littafi dole ya zaɓi ɗaya, kuma abin da ya zaɓa shi ke fita kwafi ɗaruruwa ya shiga gari gari.

Haka rubutu ya fara daskarewa a takarda, a daidai lokacin da furuci yake tsakiyar tafiya. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya inda aka bar shi. Akwai ma ƙarin wani abu: Caxton ya daɗe a birnin Bruges, a ƙasar Beljiyam ta yau, kuma daga can aka samo wasu masu jera masa haruffa. Masana na danganta h ɗin da ke cikin "ghost", wato fatalwa, da hannun waɗannan ma'aikata, don haka ake rubuta irin kalmar a harshensu.

Bayan haka sai malamai masu son Latin suka zo da nasu. A ƙarni na 15 da na 16 suka ga ya kamata kowace kalma ta nuna asalinta. Bashi ana rubuta shi d-e-t-t-e, yadda aka aro daga Faransanci, sai suka cusa masa b, don a Latin akwai b, ya zama d-e-b-t. Haka suka yi wa "doubt", wato shakka. Haka suka saka p a cikin "receipt", kalmar da mu Hausawa muka ara da kunne muka ce rasit, muka bar p ɗin a can. Waɗannan haruffa tun ran da aka saka su Bature bai furta su ba. Wani lokacin ma kuskure aka yi. Tsibiri, "island", tsohuwar kalmar Turanci ce da ba ta da s, aka zaci daga Latin take, aka liƙa mata s, ga shi nan har yau.

Bakinmu ma shaida ne. Kakanninmu da suka yi aikin soja da kunne suka ɗauki sunayen muƙamai, shi ya sa muke cewa Kanar da Laftanar. Je ka duba yadda Bature ke rubuta su: c-o-l-o-n-e-l da l-i-e-u-t-e-n-a-n-t. Ta farkon ta shigo Turanci daga Faransanci da harafin r a tsakiyarta, daga baya aka gyara rubutun ya bi na Italiyanci mai l, furuci kuwa ya ƙi bin gyaran. Ta biyun babu f a rubuce, amma mutumin Birtaniya da f yake faɗinta, mu ma da f muka ji.

Wanda ya ƙara ɗaure rubutun tamau shi ne Samuel Johnson, da ƙamus ɗinsa da ya fito a 1755 bayan aikin kusan shekara 9, mai ɗauke da kalmomi sama da 40,000. A Amurka kuma Noah Webster ya fitar da nasa babban ƙamus a 1828, mai kalmomi 70,000, da niyyar sauƙaƙa rubutu da kuma bambanta sabuwar ƙasarsa da Ingila. Tasirinsa ne ya sa Ba'amurke ke rubuta "color" babu u, yake rubuta "center" da e-r a ƙarshe, alhali a Birtaniya c-o-l-o-u-r ne da c-e-n-t-r-e.

Wani zai ce, to me ya hana a zauna a gyara abin gaba ɗaya? An gwada. A 1906 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ba da umarni a sauƙaƙa rubutun kalmomi 300 a takardun gwamnati. Jaridu suka yi masa ca, majalisa ta ƙi, kafin shekarar ta ƙare ya janye. Faransa tana da hukumar kula da harshe tun 1635, Turanci kuwa ba shi da sarkin da zai ce a yi kaza kowa ya bi. Sannan idan za a rubuta yadda ake furtawa, furucin wa za a bi? Na Landan, ko na Sikotlan, ko na Indiya, ko na Legas? Wannan tsohon rubutu, duk da wahalarsa, shi ke sa dukkansu su karanta jarida ɗaya su fahimta. Yana kuma raba kalmomin da kunne ba ya rabawa, kamar "right" da "write", ko "night" da "knight".

Mu kuwa Allah ya yi mana sauƙi, don rubutun bokonmu yaro ne a kan na Turanci. A ƙarni na 20 aka tsara ƙa'idojinsa, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a shekarun 1930, don haka har yanzu alƙalami da baki suna tafiya tare. Amma mu ma akwai abin da ba mu rubutawa. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Rubuta f-a-r-a ka miƙa wa baƙo mai koyon Hausa: farar riga ce, ko fara mai cin amfanin gona, ko fara aiki? Rubuta g-a-r-i: garin da ake zama ne, ko garin tuwo? Mu ba ma tuntuɓe, don jimla ke gaya mana. Shi kuwa baƙon haka zai tsaya yana kallo, kamar yadda ɗalibata ta tsaya a kan k. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

To, me za mu yi da wannan sani? Ga ɗalibai, ku riƙa neman dangin kalma, don sau da yawa harafin da ya yi shiru a wata kalma yana magana a bakin 'yar'uwarta. Harafin w ba ya fita a "two", amma ga shi a "twin" da "twelve" da "twenty" da "between", duk 'yan gidan biyu ne. Harafin g ya yi shiru a "sign", ya fito a "signal" da "signature". Harafin b na "debt" kuna jin sa a "debit", kalmar da banki ke turo muku a waya idan an cire kuɗi. Harafin c na "muscle" yana nan a "muscular". Wanda ya haɗa kalma da danginta ya huta da haddar da ba ta zama.

Na biyu, kowace sabuwar kalma ku koye ta sau biyu, sau ɗaya da ido, sau ɗaya da kunne. Ku duba ƙamus ku ga rubutunta, sannan ku saurari furucinta, yanzu wayar hannu ma tana yin wannan aikin. Kada ku yarda da ido kaɗai, kada ku yarda da kunne kaɗai.

Na uku, makarantun Najeriya da Gana tsarin Birtaniya suka gada, wayoyi da kwamfutoci da yawa kuma da tsarin Amurka suke zuwa. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Ku kula da kwanan wata ma wajen cika fom a intanet: idan an rubuta 3/4, a Birtaniya da wajenmu 3 ga Afrilu ke nan, a Amurka kuwa 4 ga Maris ne, don su wata suke fara sakawa.

Ga 'yan'uwana malamai da iyaye, roƙona ɗaya ne. Yaron da ya rubuta n-a-i-f kunnensa lafiya lau, hankalinsa ma lafiya lau, ya yi aiki da ƙa'idar da muka koya masa a darasin Hausa. Abin da ya rage masa labari ne, kuma bulala ba ta ba da labari. Minti biyu sun isa ka gaya masa cewa akwai lokacin da Turawa ke cewa "k-nif", sannan ka sa aji duka su faɗa haka sau uku da ƙarfi. Na gwada wannan a azuzuwan da na riƙe daga baya, yara suka yi ta dariya suna maimaitawa har a filin wasa, kuma k ɗin ya zauna musu.

Ita wannan yarinya ta bencin gaba ta bar hannuna kafin in samo amsarta. Idan Allah ya sa tana sauraro a yau, inda duk take, to 'yata, kin yi gaskiya, ban faɗi k ɗin ba. Kakannin Turawa ne suka faɗe shi, jikokinsu suka daina, takarda ta adana shi. Tambayarki ce ta haifi wannan shiri, kuma matambayi ba ya ɓata.

A nan za mu dasa aya. Ku aiko mana da kalmomin da ke ɗaure muku kai, mu bi sawunsu tare a shiri na gaba.

(KIƊAN RUFE SHIRI)